Turmin Da Aka Bari A Rabi

Darasi domin masu sassaƙa da mutanen gidansu

Ɗan'uwa mai karatu, kafin ka ci gaba da karanta wannan takarda, ka zaga bayan ɗakinka ka duba. Ko akwai wani gungume kwance kusa da rumbu, wanda ka soma sassaƙawa bara ko bara waccan? Wataƙila turmi ne, ko kujera, ko akushi. Ranar da ka kawo shi gida kana murna, har ka faɗa wa mutane irin kyan da zai yi. Yau kaji ne ke hawa kansa, gara kuwa tana ci ta ƙasa. In ka bi ta wurin sai ka kau da kai.

Ba kai kaɗai ba ne. Abin nan ya kan sami mai koyo, ya kan sami gwani kuma. Cikin wannan darasi za mu duba abin da ya sa zuciya ta kan yi sanyi a tsakiyar aiki, da abin da ke samun icce sa'ad da mai shi ya juya masa baya, da yadda mutum zai sāke ɗaukar gizago ya kai aikinsa ƙarshe.

1. Wani misali

Bari mu yi misali da wani magidanci. Bayan kaka, da aka gama ɗaure damman hatsi aka zuba a rumbu, sai turmin gidansa ya tsage ta gindi. Kowace asuba matarsa ta kan tafi aro wurin maƙwabciya, ta tsaya har masu turmi su gama nasu dakan. Saboda haka furar gidan ba ta samuwa sai rana ta take, yara suna ta kuka.

Mutumin ya ce, “Don me zan kai kuɗina kasuwa? Tun ina yaro na ga yadda kakana ya ke sassaƙa.” Ya nemi izni wurin ma'aikatan gandun daji, ya sami gungumen ƙirya, ya ɗora a amalanke ya kawo gida.

Rana ta fari ya ɓare ɓawo, ya daidaita kai da gindi. Rana ta biyu ya fid da ƙugun turmi da gatari. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa, “Sannu da aiki! Ashe kai ma masassaƙi ne?” Yara suka kewaye shi suna kwasar sassaƙe. A rana ta uku kowa ya gani ya san turmi ne. Ransa ya yi fari.

Rana ta huɗu ya soma raraka ciki. Ya yini yana sara a sunkuye, da yamma ya sa hannu ya auna, ramin bai kai tsawon yatsa ba. Rana ta biyar hannunsa ya yi bororo, bayansa ya ƙage, ba wanda ya tsaya ya ce masa sannu, gama daga nesa turmin yana nan kamar yadda ya ke shekaranjiya. Rana ta shida gizago ya zame ya ɓalle wani yanki na bakin turmi. Ya jefar da gizago ya tafi dandali.

Da dare matarsa ta ce, “Maigida, ina labarin turmi?”

Ya ce, “Sai gobe.”

Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Iskar hunturu tana busawa, gungume yana kwance a rana. Za mu komo kan wannan mutum a ƙarshen darasi. Yanzu bari mu tambaya, me ya same shi?

2. Abin da ke kashe jiki a tsakiyar aiki

Mutane su kan ce lalaci ne kawai. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa akwai dalili wanda a ke iya kiran sunansa, in an san sunansa kuwa a kan sami maganinsa. Ga biyar daga ciki.

Na ɗaya, ido ya daina ganin ci gaba. A farkon aiki kowane sara yana fid da babban yanki, siffa tana fitowa da sauri. A ƙarshen aiki kuma mutum yana ganin abin da ya rage kaɗan ne, sai ƙarfi ya komo masa. Tsakiya ce mai wuya. Rarakar turmi ta fi sauran aikin duka cin lokaci, ita ce kuma ba ta nunawa daga waje. Wanda ya ga siffar turmi a rana ta uku ya kan yi tsammani ya kusa gamawa, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Na biyu, kayan aiki sun dakushe. Icce mai tauri kamar ƙirya ko marke yana cin bakin ƙarfe da sauri. Gizago ba ya dakushewa farat ɗaya, kaɗan kaɗan ya ke yi, har mai shi ba ya lura. Sai ya ga yana sara da ƙarfi fiye da dā, abin da ke fita kuwa ƙanana ne. Ya ce a ransa, “Na gaza.” Ashe ƙarfen ne ya gaza. Dakusasshen gizago kuma shi ya fi zamewa, ya ɓata aiki ko ya sari ƙafa.

Na uku, kuskure. Mutum yana da hoton turmi a zuciyarsa, sumul, ba aibi. Da baki ya ɓalle, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, sai ya ga abin da ke gabansa ba zai kai na zuciyarsa ba. Kunya ta kama shi. Ya gwammace a ce bai gama ba da a ce bai iya ba.

Na huɗu, jiki. Sassaƙa aikin ƙarfi ne. Wanda ya fita da yunwa, ko zazzaɓi yana ɓoye a jikinsa, ko ya yini a sunkuye ba hutawa, zai ƙi jinin aikin ba tare da ya san dalili ba. Hannun da bai yi kanta ba tukuna ba ya iya yinin sara.

Na biyar, kaɗaici da sabon abu. Noma a kan yi shi da gayya, da waƙa, da wasa. Masassaƙi kuwa shi kaɗai ya ke da gungumensa. Yana cikin wannan hali sai ya ji abokansa za su tafi cin rani, ko ya ga wani icce mai kyau wanda zai yi kujera. Farkon sabon aiki kullum ya fi tsakiyar tsohon aiki daɗi. Haka a kan tara gungume uku a gida ɗaya, ba ko ɗaya da ya zama abin amfani.

Ka duba waɗannan biyar da kyau. Wanne ne naka?

3. Icce ba ya jira

Wanda ya bar saƙar tabarma a rabi, in ya ajiye ta wuri mai kyau, zai iya komowa bayan wata biyu ya ɗora daga inda ya tsaya. Ɗanyen icce ba haka ya ke ba. Tun daga ranar da aka sare shi yana sākewa, ko kana aiki ko kana dandali.

Ɗanyen icce cike ya ke da ruwa. A waɗansu itatuwa ruwan ya kan kai kusan rabin nauyin gungume. Ruwan nan shi ke sa ƙarfe ya shiga da sauƙi. Shi ya sa masassaƙa su ke son icce tun yana ɗanye. In ya bushe ya kan yi tauri ƙwarai, aikin yini ɗaya ya zama na kwana biyu ko uku.

Ruwan kuma ba ya fita daidai ta ko'ina. Icce kamar damin kara ya ke, jijiyoyinsa duka suna bin tsawo. Ta kai da gindi, inda aka yanke jijiyoyin, ruwa ya kan fita kamar sau 10 fiye da yadda ya ke fita ta gefe. Saboda haka bakin turmi da gindinsa su kan bushe tun ciki yana jiƙe.

Icce kuwa in ya bushe ya kan tsuke. A tsawo kusan ba ya raguwa. Amma ta kewaye ya kan tsuke kusan ninki biyu na yadda ya ke tsukewa daga ɓawo zuwa cibiya. To, waje ya bushe yana so ya tsuke, ciki yana jiƙe ya ƙi ba shi wuri. Sai wajen ya yage, kamar rigar yaro a jikin babba. Tsagar nan ce ka ke gani tana tasowa daga cibiyar gungume zuwa gefe.

Ga abin lura. Rarake ciki yana rage wannan haɗari, gama in an fid da tsakiya, iska tana shiga ciki da waje, bangon turmi ya bushe tare, ya sami wurin tsukewa. Watau gungumen da aka ɓare wa ɓawo, aka fid da siffarsa, amma ba a rarake shi ba, yana cikin hali mafi haɗari duka. An tuɓe masa riga, cikinsa kuwa yana nan cunkus. A daidai wurin nan ne kuma yawancin mutane su kan gaji su bari. In lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe har leɓe yana tsagewa, 'yan kwanaki sun isa tsaga ta soma.

Bayan iska akwai gara da ƙwarin da ke huda icce. Jan cikin ƙirya yana da ƙarfin jure musu, amma farin da ke kusa da ɓawo, da itatuwa masu taushi kamar ɗanya, abincinsu ne, balle in gungume yana kwance a ƙasa.

Mutum ya kan ce, “Bari in jira har marmarin aikin ya komo mini.” Marmari ba shi da ranar zuwa. Iska da gara kuwa ba su fashi ko rana ɗaya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

4. Abin da a ke hasara

Wani zai ce, “Gungume ɗaya ne, mene ne a ciki?” Bari mu ƙidaya.

Da fari akwai iccen kansa. Ƙiryar da ta isa turmi ta yi shekaru masu yawa tana girma, wataƙila ta girmi wanda ya sare ta. Tsofaffinmu sun san yadda daji ya ƙare a ƙasar nan bayan farin 1973 da na 1984, har mata suna yini guda wajen neman iccen girki. Ba a banza ba ne dokar gandun daji ta Nijar, ta shekara ta 2004, ta hana sare waɗansu itatuwa sai da izni.

Itatuwan da mu ke gani a gonaki yau, da wahala suka komo. Wani masanin aikin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana ƙoƙarin dasa itatuwa a ƙasar Maraɗi, yawancinsu suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututtura ne, masu rai da saiwa mai zurfi. In aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, sai su zama icce. Manoman Maraɗi da Zinder da Tawa suka riƙe wannan dabara, suna nuna wa juna. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka sami itatuwa wajen miliyan 200 a gonaki masu faɗin hekta wajen miliyan 5. Da mutanen nan sun bari a rabi, da ba ka sami gungumen da za ka sassaƙa ba. Wanda ya sare icce ya bar shi ya lalace ya ci wahalar mutane da yawa a banza.

Na biyu, akwai wanda ke jira. Ba wanda ke sassaƙa turmi domin kansa. Akwai mace mai aro kowace asuba, ko amarya wadda ranar kai kayanta ta matso, ko tsohuwa mai bukatar kujerar zama a bakin murhu.

Na uku, akwai sunanka. In ka karɓi kuɗin mutum tun kafin aiki, ka riga ka kashe, aikin kuwa ya tsaya, bashi ne a wuyanka. A ƙauye ba a ɓoye irin wannan. Ba da daɗewa ba za a ce, “Yana da hannu, amma ba ya gamawa.” Wannan suna ya fi tsagar icce wuyar gyara.

Na huɗu, akwai yaran da suka kwashi sassaƙe a rana ta fari. Suna gani. Yaron da ya tashi yana ganin gungumen da aka yar a bayan ɗaki zai ɗauka haka a ke yi da abu in ya yi wuya, ko karatu ne, ko gona, ko zaman aure.

5. Abin da za ka yi

Ga matakai bakwai. Ka bi su bi da bi.

(a) Ka ceci iccen yau, ko da ba ka da ƙarfin sara. Ka gangara da shi inuwa, inda iska ba ta bugunsa. Ka ɗora shi a kan duwatsu domin gara. Ka cika ramin da ɗanyen sassaƙe, ka shafe kai da gindi da man kaɗe ko man gyaɗa, ko ka yaɓe su da laka, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kada ka shafa baƙin man mota, gama abinci za a daka a ciki. In ka naɗe shi da leda, ka riƙa buɗewa bayan kwana ɗaya ko biyu, don kada ya yi fumfuna. Wannan duka bai fi aikin rabin sa'a ba, amma zai saya maka kwanaki.

(b) Ka wasa kayan aikinka. Kada ka yanke wa kanka hukunci sai ka gwada da ƙarfe mai kaifi. In bakin gizago ya lanƙwashe ko ya yi giɓi, ka kai wa maƙeri. In ƙota tana girgiza, ka gyara ta. Ka ajiye dutsen wasa kusa da kai, ka riƙa wasawa tun kafin ka ji bukata.

(c) Ka yanka wa kanka rabo ƙarami na kowace rana. Kada ka ce, “Yau zan gama turmi.” Ka ce, “Yau zan cika ƙwarya ɗaya da sassaƙe.” Rabon ya zama ƙarami har ka ji kunyar ƙin yinsa. In ka cika ƙwarya kana da sauran ƙarfi, ka ƙara. In ba ka da shi, ka tashi da farin ciki, ka cika alkawarin yau. Da yayyafi kogi kan cika.

(d) Ka sa ido ya ga ci gaba. Ka yanki kara daidai zurfin da ka ke so ramin ya kai. Kowace yamma ka sa shi ciki, ka yi masa alama da wuƙa a daidai baki. Bayan kwana uku alamomin za su faɗa maka gaskiyar da ido ya ɓoye maka.

(e) Ka tsai da lokaci da wuri. Da sassafe ya fi, kafin rana ta yi zafi, kafin kuma sha'anin yini ya ɗauke ka. Ka sa wani abu a ciki tukuna. Ka riƙa miƙewa kana hutawa. Ka tuna kuma da kalandar manomi: in ruwan fari ya sauka wajen watan Yuni, gona za ta karɓe hannunka duka har kaka. Abin da ba ka gama da rani ba, sai baɗi, in ya kai.

(f) Ka shirya da kuskurenka. In baki ya ɓalle, a kan rage tsawon turmi kaɗan a sāke daidaita shi. In gefe ɗaya ya yi kauri, a kan rage shi ya yi daidai da ɗayan, gama bango mai kauri ɗaya shi ke bushewa lafiya. Ka je kasuwa ka duba turamen gwanaye a hankali, za ka ga inda su ma suka gyara. Gwani ya yi kuskure da yawa fiye da kai, sai dai ya koyi yadda a ke bi da shi. Hatsi kuwa ba ya tambayar ko bakin turmi ya karkace.

(g) Kada ka zauna kai kaɗai. Ka kai aikinka gindin iccen da mutane ke zama. Ka nuna wa wanda ya fi ka sani, ka gaya masa inda ka maƙale. Ka faɗa wa mutum ɗaya ranar da ka ke so ka gama, ka roƙe shi ya tambaye ka. Kada kuma ka sare sabon icce sai wannan ya shiga aiki.

Za ka ga wani abin mamaki. Marmarin da ka zauna kana jira bai zo ba, sau da yawa ya kan same ka a bakin aiki, bayan sara ashirin ko talatin, sa'ad da ƙarfe mai kaifi ya soma fid da sassaƙe masu faɗi.

6. Akwai lokacin da ya kamata a bari?

Akwai. In ka rarake ka tarar cikin iccen ruɓaɓɓe ne, ko tsaga ta ratsa daga baki har gindi, ba zai zama turmi ba komai ƙoƙarinka. Nacewa a nan ɓata ƙarfi ne. Amma kada ka yar da shi. Ka duba abin da zai fita daga ɓangaren da ke da lafiya: kujera, ko akushi, ko ƙotar fartanya, ko muciya. Abin da ya rage ya shiga murhu. In ƙirya ce, maƙeri zai yi murna da gawayinta. In aikin na wani ne, ka tafi da ƙafarka ka faɗa masa gaskiya, ku shirya a kan kuɗinsa. Wanda ya yi haka ya rufe aikinsa da mutunci. Ya bambanta da wanda ya sulale yana cewa “sai gobe” har shekara ta kewayo.

Ga kuma wata magana. In ba sassaƙa kaɗai ta fita ranka ba, in abinci, da hira, da gona, da wasa da 'ya'yanka duka sun zama maka kaya, har mako biyu ko fiye, barci kuma ya ƙi, wannan ya wuce maganar gizago. Kada ka ɓoye. Ka gaya wa wani babba da ka amince da shi, ka je wurin likita. Ciwo ne da a ke taimakon mai shi, ba abin kunya ba ne.

7. Magana ga mutanen gida

Uwargida, ke ce kin fi kowa shan wahalar rashin turmi, kina da gaskiya in kin yi magana. Amma gori a gaban mutane ba ya mai da mutum bakin aiki, sai dai ya kore shi dandali. Ki kai masa fura inda ya ke sara. Ki sa hannu cikin ramin ki ce, “Ai ya fi na jiya zurfi.” A tsakiyar aiki ne ya fi bukatar sannu, a nan ne kuwa kowa ya kan manta da shi.

Kai kuma uba, in ɗanka yana koyo, kada ka fara shi da turmi. Ka ba shi muciya, ko ƙota, abin da zai gama cikin yini ɗaya ko biyu da icce mai taushi. Ya ɗanɗana daɗin gamawa tun yana ƙarami. In ya gaji a tsakiya, kada ka karɓe ka gama masa. Ka wasa masa wuƙa, ka zauna kusa da shi.

8. Ƙarshen misalinmu

Bayan kwana tara wani tsohon masassaƙi ya zo wucewa, ya ga gungume a rana. Ya durƙusa ya shafa bakinsa, ya ga tsaga uku ƙanana kamar gashi. Ya aika aka kira maigidan.

Ya ce, “Ɗana, kawo mini gizagonka.”

Da ya gwada bakin a farcensa sai ya yi dariya, ya ce, “Da wannan ka ke faɗa da ƙirya? Ko kabewa ba zai fasa ba.”

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce, “Baba, ai na riga na ɓata shi. Dubi bakin.”

Tsohon ya ce, “Na gani. Za mu rage yatsa uku daga sama, ɓallin da tsagar duka su tafi. Da ka ƙara mako guda, da sai murhu. Kama mu kai shi inuwa.”

Ya wasa masa gizago, ya nuna masa yadda zai riƙa sara yana juya gungumen, domin bango ya tafi daidai. Ya ce, “Ƙwarya ɗaya kowace safiya. Zan biyo ranar kasuwa in gani.”

Iccen ya riga ya ƙara tauri, aikin ya fi na dā wuya. Akwai safiyar da mutumin ya fito ba ya so ko kaɗan, amma ya tuna tsoho zai biyo, ya cika ƙwaryarsa. A rana ta goma sha biyu kara ya shige har ƙarshe. Ya kankare ciki, ya shafe shi da mai, ya bar shi a inuwa ya bushe a hankali. Da fari aka daka dusa a ciki domin ta kwashe ɗacin icce.

Turmin bai kai tsawon da ya yi niyya ba, in ka dube shi da kyau kuma ya ɗan karkata. Amma da asuba a kan ji taɓarya tana sauka a gidan, yara suna shan fura kafin rana ta take. Ranar da maƙwabciya ta yi baƙi, ita ce ta aiko aron turmi.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Don me tsakiyar aiki ta fi farkonsa da ƙarshensa wuya?
2. Cikin dalilai biyar da aka ambata, wanne ya fi samunka?
3. Me ya sa gungumen da aka ɓare amma ba a rarake ba ya fi saurin tsagewa?
4. Wa ke jiran aikin da ka bari a rabi? Ka kira sunansa.
5. Ina bambanci tsakanin wanda ya rufe aiki da gaskiya da wanda ya sulale?
6. Ban da sassaƙa, waɗanne ayyuka ne a gidanku suka tsaya a rabi?

Aikin wannan mako

Yau, kafin rana ta faɗi, ka kai gungumenka inuwa, ka ɗora shi a kan duwatsu, ka shafe kai da gindi. Gobe da safe ka wasa gizago, ka ajiye ƙwarya a gefenka.